Sharhi: Idan Abin Hawan Haya Ya Lalace, Wa Zai Ɗauki Asara?

Kamar yadda jama'a suka sani, daga ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023 da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, da kuma faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, sayen mota ko keken adaidaita sahu ko babur da kuɗi hannu ya gagari mafi yawan talakawa. Wannan hali ya sa jama'a da dama, musamman matasanmu na karkara masu neman abin dogaro da kai, suka koma karɓar abin hawa daga hannun wani kamfani ko wani mai hali, bisa sharaɗin su riƙa biyan kuɗi kullum, ko duk mako, ko duk wata. A ranar karɓar makulli kowa murna yake yi, ana ta sa albarka. Rigima ba ta tashi sai ranar da tsautsayi ya gitta, aka yi karo, ko inji ya buga, ko ruwa ya ci abin hawan a wata mashigar rafi. A ranar ne ake fara tambayar da ya kamata a yi tun farko, wato wa zai biya kuɗin gyara, kuma shin biyan mako zai ci gaba da tafiya alhali abin hawan yana kwance a gareji?

Wannan sharhi zai duba yadda matsalar take a ƙasashen da suka riga mu shiga irin wannan ciniki, da yadda take a nan gida, da abin da dokokin ƙasa suka tanada, sa'an nan da abin da ya kamata masu karɓa, da masu bayarwa, da shugabannin al'umma su yi.

Hayar wata-wata a ƙasashen Turai da Amurka

A shekarar 2017 wasu manyan kamfanonin ƙera motoci suka fito da wani sabon salon ciniki a Amurka da Turai, wanda za a iya kira hayar wata-wata. Kamfanin Cadillac ya fara nasa a kan dala 1,500 a wata, kamfanonin Volvo da Porsche su ma suka fito da nasu a cikin wannan shekara. Yadda tsarin yake shi ne, mutum zai riƙa biyan kuɗi dunƙule sau ɗaya a wata, kamfani kuma ya ba shi mota tare da ɗaukar nauyin inshora, da sabis, da kai ɗauki idan mota ta tsaya a hanya. Mai haya mai kawai zai zuba, ko ya yi caji idan ta lantarki ce. Motar ba za ta taɓa zama tasa ba, in ya gaji ya mayar.

A wajen talla, abin da ake nuna wa jama'a shi ne cewa an haɗa komai a cikin kuɗin wata. Amma ƙorafe-ƙorafen masu haya sun fi taruwa ne a wuri ɗaya, wato bayan mota ta sami lahani. Na farko, inshorar da aka ce an haɗa tana da wani kaso da mai haya zai biya daga aljihunsa a kan kowane haɗari kafin kamfanin inshora ya biya ragowar, kuma mutane da yawa ba sa lura da wannan kaso sai ranar da aka nemi su biya. Na biyu, kuɗin wata yakan ci gaba da tafiya yayin da mota take wurin gyara, kuma ba kowace yarjejeniya ce ta wajabta wa kamfani ba da wata motar a madadinta ba. Na uku, a ranar mayar da mota akan sami saɓani a kan ƙarzuwar fenti, ko lotsawar ƙofa, ko tsagewar gilashi, kamfani ya ce ɓarna ce, mai haya ya ce tsufa ne na yau da kullum, ko ma ya ce haka ya karɓe ta. Na huɗu, da yake kamfani yana riƙe da bayanan katin bankin mai haya, yana iya cire kuɗinsa tukuna, a yi jayayya daga baya. Na biyar, idan wanda ba a rubuta sunansa ba ne ya tuƙa motar, ko aka yi kabu-kabu da ita alhali an karɓe ta ne don hawan gida, ko aka yi jinkirin kai rahoton haɗari, inshora tana iya janye hannunta, asara ta dawo kan mai haya.

Saboda yawan irin wannan saɓani, ƙungiyar kamfanonin ba da hayar motoci ta Birtaniya, wadda ake kira BVRLA, tana da rubutaccen ma'auni da ke bambanta tsufa na yau da kullum da ɓarna, tana kuma da sashen sasanta masu haya da kamfanonin da ke cikinta. Haka nan su kansu kamfanonin cinikin bai zo musu da sauƙi ba. Cadillac ya dakatar da nasa a ƙarshen shekarar 2018, kamfanin Onto na Birtaniya mai ba da hayar motocin lantarki kuma ya durƙushe a watan Satumba na shekarar 2023, bayan darajar motocin lantarki na hannu ta faɗi. Abin lura a nan shi ne, lalacewa da faɗuwar darajar abin hawa nauyi ne mai girma, kuma kowane ɓangare ƙoƙari yake ya sauke shi a kan ɗan'uwansa. Idan har haka ta faru a ƙasashen da ake rubuta komai a takarda, to ina ga wurin da ake ƙulla ciniki na miliyoyin naira da fatar baki? Masu iya magana sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Yadda abin yake a nan gida

A Nijeriya ma kamfanoni sun shigo wannan harka, sai dai sun fi karkata ga masu sana'ar tuƙi. Kamfanin Moove ya fara aiki a Legas a shekarar 2020, yana ba direbobi motoci su yi aiki da manhajar Uber suna biya har motar ta zama tasu. A watan Maris na shekarar 2022 kuma Gwamnatin Jihar Legas ta ƙaddamar da shirin tasi na LagRide da motoci 1,000 bisa irin wannan tsari. Amma tun kafin zuwan waɗannan, mu a Arewa mun daɗe da sanin wannan ciniki a tashoshinmu. Tun daga shekarar 2001 da aka kafa shirin yaƙi da talauci na NAPEP, wanda keke mai ƙafa uku ya samo sunansa daga gare shi, gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi da 'yan siyasa da 'yan kasuwa suke raba kekuna da babura da motocin bas a kan bashi. Bayan an hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin Kano a farkon shekarar 2013, harkar adaidaita sahu ta ƙara bunƙasa, ta kuma bazu har cikin ƙauyuka.

Idan aka duba da kyau, za a ga ciniki iri uku ne ake yi, kuma hukuncinsu ya sha bamban, ko da yake jama'a suna cakuɗa su.

Na farko shi ne balas. Mai abin hawa ya ba direba, direba ya riƙa kawo wani adadi kullum, abin da ya ragu nasa ne. Abin hawan na mai shi ne har abada. Wannan shi ne ya fi kama da hayar wata-wata ta Turawa.

Na biyu shi ne hayar mallaka. Ana yanke jimlar kuɗi wadda ta zarce farashin kasuwa, direba ya riƙa biya duk mako ko duk wata. Abin hawan yana nan a matsayin na mai bayarwa har sai an biya kason ƙarshe, a lokacin ne yake komawa mallakin direba.

Na uku shi ne sayarwa bashi. A nan abin hawan ya zama na mai saye tun ranar da aka ƙulla ciniki, abin da ke kansa bashi ne kawai.

Tushen mafi yawan rigingimun da ake kai wa gaban masu unguwanni da shugabannin tasha shi ne rashin fayyace wanne ake yi daga cikin ukun nan. Sau da yawa mai bayarwa yakan so ya ci riba biyu. Ranar da keke ya yi haɗari sai ya ce wa direba, ai naka ne, je ka gyara abinka. Ranar da direba ya kasa kawo kuɗin mako biyu kuma sai ya ce, ai nawa ne, kawo makulli. Abu ɗaya ba zai zama na direba ranar asara, ya kuma zama na mai bayarwa ranar ƙwace ba. A ɗaya gefen kuma, akwai direbobin da ke ganin tun da abin hawan bai zama nasu ba tukuna, babu ruwansu da canjin baƙin mai, ko lodin da ya wuce kima, ko ba yaro ɗan kamasho ya ja da dare. Su ma suna son riba biyu ne, su ci amfanin abu, asararsa kuma ta hau kan wani.

Misali da lissafi

Domin a fahimci nauyin al'amarin, mu ɗauki misali. A ce an ba wani matashi keke a kan hayar mallaka, jimla N5,000,000, zai riƙa biyan N50,000 duk mako har mako 100. Ya yi mako 40 yana biya ba fashi, wato ya zuba N2,000,000. A mako na 41 wata motar ɗaukar kaya ta buge shi a hanyar cin kasuwa, direbanta kuma ya tsere. Keke ya yi mako uku a wurin mai gyara, kuɗin gyara ya kama N200,000. Idan yarjejeniya ba ta ce komai ba a kan irin wannan rana, ga abin da zai tarar: kuɗin gyara N200,000, bashin mako uku N150,000, ga iyali da za a ciyar alhali babu abin da ke shigowa, wataƙila ga kuɗin asibiti. Idan ya kasa, aka karɓe keken aka ba wani, to N2,000,000 da ya tara cikin wata tara sun zama kuɗin haya kawai, ya tashi a tutar babu. Daga nan kuma sai a juya kan wanda ya tsaya masa, wanda sau da yawa mahaifinsa ne ko yayansa, har ta kai ga sayar da gona ko shanun huɗa.

Wannan ya nuna cewa haɗarin abin hawa guda ɗaya yana iya taɓa tattalin arzikin gida sukutum, ya kuma raba zumuncin da aka daɗe ana ginawa. Don haka al'amarin ya shafi shugabanni kamar yadda ya shafi direbobi.

Abin da dokar ƙasa ta tanada

Mutane da yawa ba su san cewa akwai dokar tarayya a kan hayar mallaka ba, wadda aka kafa tun shekarar 1965, aka kuma yi mata gyara a 1970. Dokar ta shafi ababen hawa masu inji komai tsadarsu, kuma ta ƙunshi tanade-tanade masu muhimmanci.

Da farko, ta wajabta a rubuta yarjejeniya, mai karɓa ya sa hannu, a bayyana farashin abin hawan da kuɗi hannu, da jimlar da za a biya a hayar mallaka, da adadin kowane kaso da ranar biyansa, kuma a ba mai karɓa kwafinsa cikin kwana 14. Mai bayarwa da ya yi sakaci da wannan yana iya rasa damar tilasta yarjejeniyar a gaban kotu. Ke nan rubutu kariya ce ga ɓangarorin biyu.

Na biyu, idan mai karɓa ya biya kashi uku cikin biyar na jimlar kuɗin abin hawa, mai bayarwa ba shi da ikon ƙwace shi da hannunsa, sai ta hanyar kotu. A misalinmu na sama, wannan ya kama N3,000,000, wato mako 60. Idan ya ƙwace ba bisa ƙa'ida ba, yarjejeniya ta warware, kuma mai karɓa yana da damar neman a mayar masa da duk abin da ya biya, haka shi ma wanda ya tsaya masa. Sai dai gyaran da aka yi wa dokar ya ba mai bayarwa dama, idan an tara masa kaso uku ko fiye ba a biya ba, ya ɗauke abin hawan ya ajiye a wurinsa don kare shi daga lalacewa har kotu ta yanke hukunci. Ajiya doka ta ce, ba ta ba shi izinin sayarwa ko miƙa wa wani direba ba.

Na uku, mai karɓa yana da damar janyewa daga yarjejeniya ta hanyar rubutacciyar sanarwa, ya mayar da abin hawa, amma zai cika abin da ya biya ya kai rabin jimlar kuɗin idan bai kai ba, kuma zai biya diyya idan ya yi sakaci wajen kula da shi. A nan ne kalmar sakaci take da nauyi, domin doka ta ɗora wa mai karɓa alhakin kulawa gwargwadon hankali.

Na huɗu, dokar ta soke duk wani sharaɗi da ke tilasta wa mai karɓa amfani da kamfanin inshora ko mai gyaran da ba shi ya zaɓa da kansa ba. Wannan tanadi yana da amfani ga waɗanda ake tura su wani gareji na musamman a yanka musu kuɗin da ya fi na kasuwa.

Bugu da ƙari, akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta shekarar 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Wannan doka ta hana sanya sharuɗɗan zalunci a cikin yarjejeniya, ta kuma buƙaci a yi wa mai saye bayani da harshe mai sauƙin fahimta. Duk wanda ya shiga irin wannan matsala kuma ba shi da halin ɗaukar lauya, yana iya tuntuɓar ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa domin neman shawara.

Da yake da yawa daga cikin irin waɗannan ƙararraki a gaban alƙalai da malamai suke ƙarewa, yana da kyau a tuna da abin da malaman fiƙihu suka bayyana a babin haya, cewa wanda ya karɓi abu haya amintacce ne, ba a ɗora masa lamunin lalacewarsa sai idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyakar abin da aka yi sharaɗi, kuma kuɗin haya a madadin amfani ake biyansa. Wanda ya sayi abu bashi ya karɓe shi kuwa, asararsa a kansa take, domin mallakinsa ne. A taƙaice, mallaka da asara tare suke tafiya.

Batun inshora

Babban kuskuren da ake yi shi ne zaton cewa takardar inshorar da ke cikin takardun abin hawa za ta biya gyaransa. Mafi yawan takardun da ke hannun direbobinmu na inshorar mutum na uku ne, wadda ita ce doka ta wajabta. Aikinta shi ne biyan diyya ga wanda ka ji wa rauni ko ka lalata masa dukiya. Ba ta biyan ko sisin kwabo a kan gyaran abin hawanka.

Daga ranar 1 ga watan Janairu na shekarar 2023, Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, ta ɗaga kuɗin wannan inshora ga motar gida daga N5,000 zuwa N15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiya daga N1,000,000 zuwa N3,000,000. Ta yanka wa keke mai ƙafa uku N5,000 da iyakar diyya N2,000,000, babur kuma N3,000 da iyakar diyya N1,000,000. Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya ta fara tsaurara binciken wannan takarda daga ranar 1 ga watan Fabrairu na shekarar 2025, kuma a cikin wannan shekara Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta haɗe tsofaffin dokokin wuri guda.

Ko da wannan inshora ba ta gyara abin hawan mai ita, tana da amfani ta wata fuska. Idan wani ne ya buge ka kuma laifinsa ne, inshorarsa ce ya kamata ta biya ka. Shi ya sa yake da muhimmanci a riƙe lambar motar da ta yi ɓarna, a kai rahoto ga 'yan sanda ko jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, maimakon a tsaya ana cacar baki a bakin titi. Haka kuma a yi hattara da takardun jabu da ake sayarwa a bakin ofisoshin lasisi. Kamfanonin inshora suna da rumbun bayanai na bai-ɗaya mai suna NIID, inda ake iya duba ingancin takarda da lambar abin hawa.

Wadda take biyan gyaran abin hawan mai ita, ko satarsa, ko ƙonewarsa, ita ce cikakkiyar inshora. A cikin wancan umarni na NAICOM an ƙayyade cewa kuɗinta ba zai gaza kashi 5 cikin 100 na darajar abin hawa ba. Idan darajar keke N3,500,000 ce, mafi ƙarancin kuɗin zai kama N175,000 a shekara, wanda idan aka raba shi a kan makonni bai kai N3,500 a mako ba. Idan aka kwatanta wannan da asarar da muka lissafa a sama, za a ga cewa rigakafi ya fi magani. Sai dai ita ma tana da sharuɗɗa. Akwai kason da mai abin hawa zai biya da kansa, dole ne direba ya kasance da lasisi mai aiki, dole ne a bayyana tun farko cewa abin hawan na haya ne, kuma wajibi ne a tambaya ko ta haɗa da ɓarnar ambaliyar ruwa, wadda ita ce babbar barazana a hanyoyinmu na karkara da damina. Ga waɗanda suke da shakku a kan inshora ta fuskar addini, NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful tun shekarar 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful da suke gudanar da ita bisa tsarin taimakekeniya.

Abin da ya kamata a rubuta kafin a karɓi makulli

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, ya kamata takarda ta amsa waɗannan tambayoyi a fili, kuma a karanta wa mai karɓa da mai tsaya masa da harshen da suke ji, a gaban shaidu.

Wane irin ciniki ake yi, balas ne, ko hayar mallaka, ko sayarwa bashi, kuma sunan wa ke kan takardun abin hawan?

Wa zai ɗauki ƙananan gyare-gyare kamar baƙin mai da birki da taya, wa kuma zai ɗauki manya kamar inji da giya?

Idan an yi haɗari ba da laifin direba ba, yaya za a raba kuɗin gyara, kuma wa zai tantance mai laifi?

Shin biya zai tsaya a kwanakin da abin hawa yake gareji, a ƙara su a ƙarshen wa'adi, ko zai ci gaba da tafiya?

Wace irin inshora aka yi, wa ke biyanta, kuma idan kamfanin inshora ya biya diyya, hannun wa za ta shiga?

Idan abin hawan ya lalace ɗungurungum ko aka sace shi, mene ne makomar kuɗin da aka riga aka biya?

Kaso nawa za a tara kafin a ɗauki mataki, kuma idan an sa na'urar bin sawu mai iya kashe inji daga nesa, a wane hali za a yi amfani da ita?

Baya ga wannan, a ranar karɓa a ɗauki hoton abin hawan ta kowane gefe da wayar hannu, a rubuta duk wani lahani da ke jikinsa, ɓangarorin biyu su sa hannu. Kowane biya kuma a karɓi rasit, ko a tura ta banki domin a sami shaida. Idan haɗari ya auku, a sanar da mai bayarwa da kamfanin inshora nan take, kuma kada a fara gyara kafin su gani.

Kira ga shugabanni

Hakimai da dagatai da masu unguwanni su ne ake fara kai wa ƙara idan ciniki ya ɓaci, kuma sau da yawa su ne shaidu a ranar ƙulla shi. Zai yi kyau su riƙa ƙin sa hannu a kan takardar da ba ta faɗi abin da zai faru ranar haɗari ba. Idan kuma suna sasantawa, su fara da tantance irin cinikin da aka yi, sa'an nan su binciki ko akwai sakaci, kafin su ɗora wa kowa asara.

Jami'an ƙananan hukumomi da ke kula da rabon ababen hawa a ƙarƙashin shirye-shiryen tallafa wa matasa su ma suna da rawar da za su taka. Idan aka sanya kuɗin cikakkiyar inshora ko takaful a cikin lissafin shirin tun daga tushe, aka kuma yi wa dukkan ababen hawan rajista a dunƙule, haɗarin mutum ɗaya ba zai hana kuɗin gwamnati dawowa ba, kuma na baya za su sami nasu rabon. Shirin da ya raba makullai ba tare da wannan tanadi ba, yana iya mayar da wanda aka so a taimaka wa mabarci.

Ƙungiyoyin direbobi irin su NURTW da RTEAN, da ƙungiyoyin masu adaidaita sahu da babura, suna karɓar kuɗin tikiti kullum daga 'ya'yansu. Suna da ikon fito da takardar yarjejeniya guda ɗaya da Hausa wadda kowane reshe zai riƙa amfani da ita, su kuma ware wani kaso a matsayin asusun taimakon wanda abin hawansa ya kwanta.

Su kuma masu hali da suke zuba dukiyarsu a wannan harka, haƙƙinsu ne su sami riba kuma a kare musu jarinsu, domin ba don su ba da matasa da yawa suna zaune babu sana'a. Amma direban da ya san cewa haɗarin da ba laifinsa ba ba zai cinye guminsa na wata tara ba, shi ne zai fi kula da abin hawa, ya kuma fi cika alkawari.

Daga ƙarshe, muna jan hankalin iyaye da 'yan'uwa da ake nema su tsaya wa wani, da su nemi a karanta musu takarda daga farko har ƙarshe, su kuma riƙe kwafinsu, domin ranar da abu ya ɓaci ƙofarsu za a fara ƙwanƙwasawa. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kuma sa albarka a cikin sana'o'inmu, amin.